"Borrow me your biro": kurakuran da muka fi yi wajen aro da rance a Turanci

Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma da wuya mako ya fita ban ji wani ɗalibi ya juya wajen na kusa da shi ya ce "borrow me your biro" ba. Wanda aka roƙa ya gane, ya miƙa biro, rubutu ya ci gaba. Matsala ba ta tasowa sai ranar da jimlar nan ta hau takardar jarrabawar WAEC ko NECO, ko ta shiga wasiƙar neman aiki, ko saƙon da aka tura wa wanda bai taɓa zama a Nijeriya ba. Ranar ce jan biro ke sauka a kanta. Abin yana ci mini rai, domin na san yaran nan suna da ƙwaƙwalwa. Hausarsu ce ke aiki a ƙarƙashin Turancin, kuma ba a cika samun wanda zai zaunar da su ya nuna musu mararrabar da harsunan biyu suka rabu ba.

Bari mu fara daga gida. Bahaushe idan zai karɓi abin wani na ɗan lokaci, abin da harshensa ke kula da shi shi ne: me zai dawo? In abin ne da kansa zai koma hannun mai shi, kamar tsani ko turmi ko tabarmar biki, aro ke nan. In kuwa za a kashe ko a cinye, daga baya a mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko kwanon gero, to rance ne. Wanda ya yi karatun zaure ya san malaman fiƙihu ma sun raba su, ariya daban, ƙardi daban, kowane da hukuncinsa. Amma batun wa ya bayar, wa ya karɓa, wannan ba ya sa mu sauya kalma. Tushen ɗaya ne, ɗan lanƙwasa shi kawai muke yi: na ari tsani, na ara masa tsani, na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi.

Turanci ya bi ta wata hanyar dabam. Bai damu da ko tsani ne ko kuɗi ba, kalma ɗaya ce ke ɗaukar aro da rance duka. Abin da ya sa wa ido shi ne inda abin ya dosa. Mai karɓa shi ke yin "borrow". Mai bayarwa shi ke yin "lend". Kalmomi biyu ne da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, kuma ba sa shiga gurbin juna. Duk wanda ya riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Saboda haka yaron da ya ce "borrow me your biro" ya ɗauki "ara mini bironka" ne ya sa mata rigar Turanci, kalma bayan kalma. Hanyoyin gyara biyu ne, ya danganta da wanda kake so ka sa a gaba. In kai ne a gaba, kai mai karɓa: "Can I borrow your pen?" In abokinka ne a gaba, shi mai bayarwa: "Can you lend me your pen?" Buƙata ɗaya ce, kuma duka biyun daidai ne.

Akwai gwajin da nake ba ɗalibaina, kuma ban taɓa ganin ya ba da kunya ba. Ka cire kalmar da kake shakka a kanta, ka sa "take" a gurbin "borrow", ka sa "give" a gurbin "lend". Sai ka karanta da ƙarfi. "Give me your pen" ta zauna daram, saboda haka "lend me your pen" ma ta zauna. "Take me your pen" kuwa ko ɗan aji ɗaya zai ji ta yi masa banbaraƙwai a kunne, kuma haka "borrow me your pen" take a kunnen wanda ya saba da daidaitaccen Turanci. Ƙananan kalmomin da ke biye da su ma suna nuna hanya: "borrow" tana tafiya da "from", wato daga wajen wani, ita kuma "lend" tana tafiya da "to". "I borrowed a ladder from my neighbour." "My neighbour lent a ladder to me", ko kuma a taƙaice, "My neighbour lent me a ladder." Tsani ɗaya, maƙwabci ɗaya.

Adalci ne in faɗi cewa ba mu kaɗai muke haɗa kalmomin nan ba. A Turancin buroka "borrow me" ita ce maganar yau da kullum, kuma a can ba kuskure ba ce, ƙa'idar harshen ce. Ana jin ta a wasu karin harshe na Birtaniya da wasu sassan Amurka da Afirka ta Kudu. A Jamusanci ma kalmar "borgen", wadda 'yar'uwar "borrow" ce ta jini, tana ɗaukar ma'anar ara da arawa duka, kamar yadda muke yi. Asalin kalmar a tsohon Turanci daga "borg" ne, wato jingina ko lamuni, abin da ake ajiyewa don a tabbatar za a mayar. Duk da haka mai duba takardar jarrabawa ba ya ba da maki don tarihi, kuma jami'in banki ba ya karanta wasiƙarka da kunnen ɗan unguwarku. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci suna da ɗan sauƙi a nan, tunda sun riga sun saba raba "emprunter" da "prêter". Ta farko ita ce "borrow", ta biyu "lend".

Kuskure na biyu ya fi ba ni tausayi, domin masu ƙoƙarin gyara ne suke faɗawa cikinsa. Wani maƙwabcina, ɗan kasuwar hatsi, ya taɓa yi mini sallama bayan sallar isha'i da takarda a naɗe a aljihun gaban rigarsa. Ɗansa ne ya rubuta masa, neman rance daga wani banki, don ya sayi masara a lokacin kaka ya ajiye. Muka zauna a kan dakali, ya haska mini fitilar wayarsa.

Ya ce, "Malam, duba mini wannan kafin in kai gobe. Yaron ya ce ya gyara ta tsaf."

Layin farko bayan gaisuwa ya ce: "I wish to lend five hundred thousand naira from your bank."

Na ce, "Alhaji, kai ne za ka ba banki rance, ko su za su ba ka?"

Ya ce, "Haba Malam, in ina da su me zai kai ni?"

Na ce masa abin da takardar ta faɗa ke nan, cewa shi ne mai bayarwa. Ya kira yaron daga cikin gida. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, da na tambaye shi sai ya ce malaminsu ya hana su cewa "borrow me", shi ya sa ya ɗauka kalmar "borrow" ce gaba ɗaya ba ta da kyau, "lend" ce ta masu ilimi. Muka gyara a nan take: "I wish to borrow five hundred thousand naira from your bank." Na kuma nuna masa wadda ta fi dacewa da wasiƙar ofis: "I wish to apply for a loan of five hundred thousand naira." Tun daga daren nan na daina gaya wa ɗalibi "kada ka ce kaza" in tsaya. Sai na haɗa masa da abin da zai ce da kuma dalili, in ba haka ba na cire masa ƙaya ne na soka masa allura.

Tunda "loan" ta shigo, mu tsaya a kanta. Yawanci suna ce, sunan abin da aka ranta: "a bank loan", "a student loan". Ana cewa "take out a loan" ko "get a loan" ga mai karɓa, "give a loan" ko "grant a loan" ga mai bayarwa. Amurkawa suna amfani da ita a matsayin aikatau hankali kwance, kuma idan sun yi haka ma'anarta "lend" ce: "He loaned me some money", ya ranta mini kuɗi. Ba a cewa "I loaned money from him" da nufin na ranta daga wajensa. Masu bin labarin ƙwallo sun san "on loan": a 2024 Victor Osimhen ya tafi Galatasaray daga Napoli a matsayin aro. Ga wata hanyar tuna wa ke wane ɓangare: shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a 2015, manoman da suka karɓi rancen su ne "borrowers" ɗin da ke cikin sunan. Wanda ya bayar shi ake kira "lender".

Sai kuskuren da nake ganin ya fi kowane haɗari, domin yana iya juya gaskiya ta koma kan mai ita. Shi ne na kalmar "owe". A Hausa mai kuɗi ne ke magana da bakinsa: ina bin ka dubu goma. Shi ne a farkon jimla. Turanci ya sa wanda ake bi a gaba: "You owe me ten thousand naira." Mutum ya buɗe ƙamus, ya ga "owe" a kusa da bashi, sai ya ɗauki tsarin Hausa ya rubuta "I owe you ten thousand", yana nufin ina bin ka. Abin da ya rubuta kuwa shi ne kana bi na. Ka yi tunanin wannan a saƙon WhatsApp tsakanin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa na wata ƙasa, saƙon da za a iya buɗewa a nuna ranar da rigima ta taso. Mutum ya sa hannu da kansa cewa shi ake bi. Gyaran shi ne ka haddace su a jere, kamar yadda muke haddace sunayen ranaku: "I owe you", kana bi na, "you owe me", ina bin ka, "he owes me", ina bin sa, "I owe him", yana bi na. 'Yar takardar shaidar bashi da ake kira IOU ma daga furucin "I owe you" aka samo sunanta, kuma wanda ya ci bashin ne ke rubuta ta.

A kan "owe" ɗin dai, mun saba jin "I am owing him" da "they are owing us three months' salary". A daidaitaccen Turanci kalmar tana cikin masu nuna hali, irin su "know" da "have" ta mallaka, waɗanda ba a cika sa musu "-ing" ba. "I owe him." "They owe us three months' salary." Shi ke nan. Kuma kada a kai "cin bashi" Turanci da kalmar "eat", ko "bin bashi" da "follow". Na taɓa ganin "he is following me money" a takardar insha'i. Na gane abin da yarinyar take nufi saboda ni Bahaushe ne, amma ba ni ke duba takardarta ta ƙarshe ba.

Wasu kurakuran ƙanana ne, ba sa buƙatar dogon bayani. Shuɗaɗɗen lokacin "lend" shi ne "lent", babu "lended". "Borrow" kuwa ba ta da rikici, "borrowed" ce, amma a riƙa rubuta ta da "r" biyu. Idan ka ga "Lent" da babban baƙi a tsakiyar jimla, wata kalma ce dabam, sunan lokacin azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista. Wajen mayarwa, a ce "return it" ko "give it back", kada a haɗa su a ce "return it back", domin "return" ta riga ta ƙunshi komawar. Kuɗi kuma "pay back" ko "repay" ake yi. "Refund" ta fi zama ga kuɗin da mai shago ko kamfani ya mayar maka bayan ciniki ya warware.

Akwai kuma inda muke sa "borrow" alhali ba wurinta ba ne. Idan za ka biya kuɗi don ka yi amfani da kaya, haya ce, kuma Turanci yana da kalmominta: "rent" da "hire". Kujeru da rumfunan da aka ɗauko don walima aka biya mai su, "we hired chairs" ko "we rented chairs" ne. In ka ce "we borrowed chairs", mai saurare zai ɗauka wani ne ya taimaka muku kyauta. 'Yan Birtaniya sun fi cewa "hire a car", Amurkawa "rent a car", gida kuwa duka biyun "rent" suke cewa. Allon da ake kafewa a jikin shago ko gida mai ɗauke da "To Let" yana nufin ana ba da haya. Kuɗi ne kaɗai ake cewa "borrow" a kansu ko da akwai ruwa a sama. Sannan abin da ba a ɗauke shi daga inda yake, kamar banɗaki ko ɗakin girki, an fi cewa "use": "May I use your bathroom?" Wayar hannu tana karɓar duka biyun.

Yanzu ga wani abu da littattafan nahawu ba sa cika tsayawa a kai, amma ni ina ganin ya kai sauran muhimmanci. Ko ka gyara kalma ka ce "Lend me your pen", jimlar tana nan a siffar umarni. A Hausa "ɗan ara mini bironka" roƙo ne mai taushi, saboda "ɗan" ɗin nan da muke saƙalawa, da "don Allah", da yadda murya ke sauka. Turanci yana zuba ladabinsa ne a siffar tambaya. Tsakanin abokai "Can I borrow your pen?" ta wadatar. Ga wanda ba ka saba da shi ba, "Could I borrow your pen, please?" Ga malami ko shugaba a wurin aiki, "May I borrow your pen?" ko "Would you mind lending me your pen?" A lura da ta ƙarshen nan: bayan "mind" aikatau yana ɗaukar "-ing", kuma amsar amincewa ita ce "Not at all" ko "No, go ahead", domin tambayar ita ce ko abin zai dame ka. Mutane da yawa suna cewa "Yes" suna miƙa biro, alhali a zahirin lafazi sun ce zai dame su. Yaranmu masu tarbiyya ne, kuma yana yi mini zafi a ɗauke su marasa kunya a wani wuri saboda ba a koya musu inda Turanci ya ajiye ladabinsa ba.

Furuci ma yana da nasa. Kalmomi huɗu ne ke rikita kunne: "borrow", da "barrow", da "burrow", da "borough". Ta biyun mun san ta sarai, daga "wheelbarrow" muka samo baro da ake tura kaya da shi a kasuwa. "Burrow" ramin da dabba irin su zomo ke haƙawa ne, "borough" kuma yanki ne na mulki a birni, kamar waɗanda Landan da New York suka kasu zuwa gare su. A "borrow" wasalin farko yana kusa da gajeren "o" a bakin 'yan Ingila, kuma nauyin murya a gaɓar farko yake. In ka buɗe baki da yawa ka ce "baro", ka koma maganar abin tura kaya. Haka "lend" da "land": ta farko da "e", ta biyu ƙasa ce ko fili.

Kalmar tana da wasu ma'anoni da suka wuce kaya da kuɗi, kuma a yawancinsu Hausa da Turanci sun yi canjaras. A lissafin ɗebewa, idan lambar sama ta gaza ta ƙasa, mukan ce a aro ɗaya daga maƙwabciya, Turanci ma "borrow one" yake cewa. Harsuna suna aron kalmomi: "Hausa borrowed the word from English", kamar yadda muka aro tebur da bokiti da mota daga Turanci, littafi da alƙalami daga Larabci. Irin waɗannan kalmomi ana kiran su "loanwords" ko "borrowings". Amma karin magana da salon magana ba sa tsallaka iyaka haka kawai. "Kayan aro ba ya rufe katara" ko "ba zan ari bakinsa in ci masa albasa ba" in ka juya su kalma bayan kalma, Bature zai tsaya yana kallon ka ne kawai. Ta biyun a Turanci ba ta wuce "I can't speak for him" ba. Su ma nasu haka suke. "Lend a hand" taimakawa ce a aiki, babu hannun da ake mayarwa. "Lend an ear" saurare ne da kulawa. "Living on borrowed time" ana faɗar ta ga wanda ya wuce lokacin da aka zaci zai kai, ko mara lafiya ko gwamnatin da ake ganin ta kusa faɗuwa, saboda haka ba maganar da za a jefa wa majinyaci a gabansa ba ce. Akwai kuma wadda jaridunmu suke yawan bugawa, "borrow a leaf from", da nufin a yi koyi da wani. A Nijeriya kowa ya gane ta. In kana rubuta wa 'yan waje ko kana zaune a zauren jarrabawa, siffar da aka fi sani a Birtaniya ita ce "take a leaf out of someone's book", kuma "leaf" ɗin nan warƙar littafi ce, ba ganyen bishiya ba.

Ga aikin da nake ba ɗalibai, wanda kowa zai iya yi a gida ba tare da malami ba. Ka tuno abubuwa biyar da suka shiga tsakaninka da mutane a makon nan: cajar waya da ka karɓa wajen ƙaninka, dubu biyun da ka ba abokinka, dutsen guga da maƙwabciya ta aiko a karɓa. Kowane ɗaya ka rubuta shi sau uku, da "borrow", da "lend", sannan in kuɗi ne da "owe". "My friend borrowed two thousand naira from me. I lent my friend two thousand naira. My friend owes me two thousand naira." Ka karanta su da ƙarfi, kana nuna kanka da yatsa duk inda "I" ko "me" ta fito, don hannu ya taya baki gane inda kuɗin suka nufa. In ka yi shakka a kan wata jimla, mayar da ita ga gwajin "take" da "give". Ɗan maƙwabcin nan nawa da kuɗin cinikin shagon babansa ya yi nasa, mako biyu yana kawo mini littafin bayan magariba ina dubawa, kuma yanzu shi ke rubuta wa baban nasa saƙonnin masu kawo kaya.